Kifin loci: Yadda ake gane nau'o'insa kafin a zuba su a tankin gilashi

A shagon sayar da kifin ado, kusan duk kifayen da ake kira loci tsawonsu ɗaya ne, santimita 4 zuwa 6, ba su fi ɗan yatsa ba. Dukkansu suna kwance a ƙasan tanki, suna da gajeren gashin baki, kuma sau da yawa takardar da aka manna a jikin gilashin suna ɗaya ta ba su. Sai bayan shekara uku ko huɗu bambancin ke fitowa fili. Wani zai tsaya a santimita 6 har ƙarshen rayuwarsa. Wani zai doshi santimita 30, ya yi kauri, ya kuma rayu fiye da shekara 20. Wani kuwa ba zai ga ƙarshen watan farko ba, domin daga rafin dutse mai sanyi da gudu aka kamo shi, aka saka shi cikin ruwa mai ɗumi wanda ba ya motsi.

Saboda haka sanin ainihin nau'in kifin shi ne matakin farko na kiwonsa. Girman tankin da za a saya, da zafin ruwan, da irin yashin da za a shimfiɗa, da sauran kifayen da za a haɗa shi da su, duk sun rataya ne a kan wannan sani. Kuma ba kasafai ake samunsa daga bakin mai shago ba. Shi ma a haka dillali ya aiko masa da su, cikin leda ɗaya, da suna ɗaya.

Ba ɗan tarwaɗa ba ne

Kalmar loci aro ce daga Turanci. Hausa ba ta da nata sunan, domin kifin ba ya rayuwa a kogin Neja, ko Binuwai, ko tafkin Cadi. Mazauninsa Asiya ne da Turai. A duk faɗin Afirka wurare biyu kaɗai ake samunsa: arewacin Maroko da ƙasar Habasha, ciki har da yankin tafkin Tana. Waɗanda ake kiwo don ado kuwa kusan dukkansu daga kudanci da gabashin Asiya suke fitowa, daga Indiya har zuwa Indonesiya da Japan.

Wanda ya saba da kifin kasuwa, da ya ga gashin bakin zai ɗauka jinin tarwaɗa ne ko ƙurungu. Kama da wane dai ba ta wane. Tarwaɗa ba ta da ɓawo ko kaɗan, shi kuwa loci yana da shi, sai dai ƙanana ne ƙwarai, a nutse cikin fata, har ido ba ya ganinsu da sauƙi. Ƙurungu makaminsa ƙayoyi ne a fikafikan ƙirji da na baya, loci kuwa idan yana da ƙaya a ƙarƙashin ido take. Ba shi da haƙora a muƙamuƙi, a maƙogwaro suke. 'Yan uwansa na kusa su ne kifayen rukunin Cypriniformes, wanda kifin nan mai ruwan zinariya da aka fi sani a tankuna yake cikinsa.

A shekarar 2012 wani masanin kifi ɗan ƙasar Suwizalan, Maurice Kottelat, ya wallafa cikakken jerin loci na duniya, inda ya lissafa nau'i sama da 1,000. Tun daga lokacin ana ta ƙarawa, har adadin ya haura 1,200. Kaɗan ne daga cikinsu ke shiga kasuwar kifin ado, kuma mafi yawansu daga dangi biyar suke: Botiidae, Cobitidae, Nemacheilidae, Balitoridae da Gastromyzontidae. Sunan kimiyya na kowane nau'i kalma biyu ne. Ta farko tamkar sunan gida ce, wanda 'yan uwa da dama ke tarayya a kansa, ta biyu kuma tamkar sunan yanka.

Ƙira tukuna, launi daga baya

Kuskuren da sabon mai kiwo ya fi yi shi ne ya fara da launi. A jikin loci launi shi ne shaidar da ta fi rauni. Yana sauyawa da shekaru, yana dushewa idan kifin ya tsorata ko ya gaji da tafiya, yana yin duhu a kan baƙin yashi, ya yi haske a kan fari. Abin da ba ya sauyawa shi ne ƙirar jiki.

Kifin da ke da tudun baya, jikinsa a matse ta gefe da gefe, bakinsa da tsini, jelarsa kuma a tsage sosai gida biyu, ɗan dangin Botiidae ne. Wanda yake dogo siriri kamar tana ko ƙaramin maciji, mai zagayayyiyar jela ko wadda ta yi kamar an datse ta, mai yiwuwa ɗan Cobitidae ne. Wanda cikinsa ya baje, fikafikansa suka buɗe gefe da gefe har ya manne da gilashi kamar an liƙa shi, daga cikin mazauna rafin dutse yake, wato Gastromyzontidae ko Balitoridae. Wanda ya rage, mai jiki mulmulalle kamar alƙalami, yana zaune a kan fikafikan ƙirjinsa yana leƙe daga ƙarƙashin dutse, galibi ɗan Nemacheilidae ne.

Bayan ƙira sai ƙaya. Dangin Botiidae da yawancin Cobitidae suna da ƙaya mai kaifi a ƙarƙashin kowane ido, kwance cikin wani ɗan kwari a fata. Kifin yana miƙar da ita idan ya ji barazana ko yana faɗa da ɗan uwansa. Sauran dangogin uku ba su da ita. Ba a taɓa kifi don a gwada, amma idan yana hutawa kusa da gilashi ana iya hango layin kwarin. Wannan ƙayar ce ke sarƙewa a ragar kamu, tana huda ledar da aka ɗauko kifin a ciki, wani lokaci ta tsaga yatsan mai kiwo. Shi ya sa ƙwararru ke kama manyansu da roba ko kofi maimakon raga.

Sai kuma ƙidayar gashin baki, wadda take buƙatar haƙuri da hoto mai kyau, amma tana yanke gardama a wurare da dama.

Masu tudun baya: inda kuskure ya fi tsada

Dangin Botiidae ba su fi nau'i 60 ba ko kusa da haka, amma su suka fi cika shaguna, kuma a cikinsu ne kuskuren suna ya fi jawo asara.

Sarkinsu a kasuwa shi ne Chromobotia macracanthus, wanda wani likita ɗan ƙasar Holan, Pieter Bleeker, ya fara bayyanawa a 1852. Kalmar macracanthus daga harshen Girka take, ma'anarta babbar ƙaya. A tsibiran Sumatra da Borneo kaɗai yake rayuwa. Ba shi da wuyar ganewa: jiki ruwan lemo, da baƙaƙen ɗamaru uku masu faɗi. Ta farko ta ratsa ta kan ido, ta biyu tana gaban fiffiken baya, ta uku ta haye fiffiken bayan ta sauko har ƙasa. Har tsibirin da ya fito ana iya hasashe. Na Sumatra fikafikan cikinsa ja ne zalla, na Borneo kuwa akwai baƙi a cikinsu. Shi kaɗai ne a gidansa, wanda Kottelat ya ware masa a 2004.

Matsalarsa girma ce. Ɗan kifin nan mai santimita 5 zai iya kaiwa santimita 30, ba ya jin daɗin zama shi kaɗai, sai cikin garke na biyar ko fiye, wanda ke nufin tanki mai ɗaukar ɗaruruwan lita. Gwamnatin Indonesiya ta hana fitar da manyansa don kare iyayen da ke hayayyafa a koguna, shi ya sa mai saye ba ya ganin babba a shago, balle ya san abin da ke jiransa. Yana da wasu ɗabi'u da ke ruɗa wanda bai san shi ba. Yakan kwanta ta gefe kamar ya mutu alhali barci yake yi. Yakan yi ƙara ƙas-ƙas da haƙoran maƙogwaro lokacin cin abinci. Idan biyu suna jayayya kan shugabancin garke, launinsu yakan koma ruwan toka na ɗan lokaci. Duk waɗannan ba alamun ciwo ba ne. Abin da ke kama shi da gaske shi ne cutar farin ɗigo, kuma saboda ƙanƙantar ɓawonsa, magungunan da wasu kifaye ke jurewa suna iya yi masa illa.

A nan ne ƙidayar gashin baki ke aiki. Chromobotia da 'yan gidan Botia suna da guda takwas, wato biyu-biyu sau huɗu, ciki har da wasu gajeru biyu a ƙarƙashin leɓen ƙasa. 'Yan gidajen Yasuhikotakia, Syncrossus da Ambastaia guda shida gare su, ba su da na ƙarƙashin leɓen. Wannan ɗan bambanci yana da nauyi, domin 'yan Botia galibi masu sauƙin hali ne, yayin da a cikin masu shida ake samun mafaɗata.

A gidan Botia, mafi shahara shi ne wanda ake kira yoyo. Yana ƙarami jikinsa fari ne mai sheƙin azurfa, da baƙin zane mai kama da haruffan Y da O a jere, daga nan sunan ya samo asali. Da ya girma zuwa santimita 14 ko 15, zanen yakan sarƙe ya koma kamar raga, har mai shi ya yi tsammanin an musanya masa kifi. Sunayen kimiyya biyu ke yawo a kansa: Botia almorhae, wanda aka raɗa a 1831 daga sunan garin Almora da ke arewacin Indiya, da Botia lohachata na 1912. Masana sun daɗe suna saɓani kan ko nau'i ɗaya ne ko biyu. Wasu shagunan suna jingina shi ga Pakistan, alhali kifin kogin Ganges ne da rassansa a Indiya da Nefal. Wanda ke Pakistan wani ɗan uwansa ne daban, Botia birdi.

Mafi wuyar rabewa su ne Botia kubotai da Botia histrionica, dukansu daga Miyanma. Suna ƙanana kusan ba a bambance su, kowanne da baƙaƙen ɗamaru biyar. Da kubotai ya fara girma, sai layuka uku na kwance su haɗe ɗamarun, su bar zagayayyun filaye ruwan ɗorawa a tsakani, daga baya kuma ƙananan ɗigo masu haske su fito a cikin baƙin kansa. Shi histrionica ɗamarunsa sukan ci gaba da zama daban-daban a kan farin jiki, ko da sun karkace. Kottelat ne ya ba kubotai suna a 2004, daga kifayen kogin Ataran, don girmama Katsuma Kubota, wani mai fitar da kifin ado da ke Tailan. Wanda ya sayi ƙarami daga cikin waɗannan biyu, abin da ya fi masa shi ne ya jira wata shida ko shekara kafin ya yanke hukunci. Kiwonsu iri ɗaya ne, jiran ba ya cutar da kowa.

Botia striata, ɗan tsaunukan yammacin Indiya da aka bayyana a 1920 daga kogin Tunga, ya fi su sauƙi. Jikinsa cike yake da siraran layuka masu yawa, kuma ba ya wuce santimita 9 ko makamancin haka, don haka shi ya fi dacewa da matsakaicin tanki. Yana cikin jerin nau'o'in da ke fuskantar barazanar ƙarewa na ƙungiyar IUCN. Wani lokaci ana rikita shi da Botia dario na Bangladesh da arewa maso gabashin Indiya, amma dario ɗamarunsa bakwai ne ko takwas, masu faɗi, a karkace kan jiki ruwan zinariya, kuma ya fi girma.

Masu gashin baki shida su ne ke buƙatar taka-tsantsan. Yasuhikotakia morleti ƙarami ne, kimanin santimita 10, ruwan madara, da baƙin layi ɗaya da ya taso daga hanci ya bi tsakiyar baya ya zagaye gindin jela. Ƙanƙantarsa da kyansa suna yaudarar mai saye, domin yana bin sauran kifaye yana gutsurar fikafikansu, musamman da dare. Yasuhikotakia modesta na kogunan Mekong da Chao Phraya shuɗi ne mai ruwan toka, fikafikansa ja ko ruwan lemo, yana kaiwa santimita 25. Shi ne wanda wasu 'yan kasuwa ke rinawa da launuka masu ƙyalli. Duk loci da aka gani ruwan hoda mai haske ko shunayya, rini ne, kuma zai koɗe idan kifin ya rayu.

'Yan gidan Syncrossus, masu zane irin na damisa, ana gane su da dogon baki mai tsini da siraran ɗamaru fiye da goma. Manya ne, mafaɗata, ba a haɗa su da ƙananan kifaye. Tsakanin biyun da aka fi gani, Syncrossus hymenophysa na Sumatra da Borneo yana da baƙin tabo a fiffiken baya, shi kuwa Syncrossus helodes na yankin Mekong ba shi da tabon, sai ƙananan ɗige-ɗige a ƙasan jiki.

A ɗaya gefen akwai ɗan autansu, Ambastaia sidthimunki na yammacin Tailan, wanda ba ya wuce santimita 6. Baƙaƙen layuka biyu ne a jikinsa, gajerun ratsi sun haɗe su kamar sarƙa. Ba ya ɓuya kamar sauran, da rana ake ganinsa yana iyo cikin garke a tsakiyar ruwa. Ya yi ƙaranci ƙwarai a kogunan asalinsa, kuma waɗanda ke kasuwa a gonakin kifi ake hayayyafa su ta hanyar allurar sinadarin haihuwa. Wannan dabara ta kawo wata sabuwar rikita-rikita: wasu gonakin suna haɗa ƙwan wani nau'i da maniyyin wani, su fitar da ruwa-biyu. Kifin Botia da zanensa bai dace da kowane bayani ba, ba lalle ne ya zama sabon nau'i ba. Yana iya zama haihuwar gona.

Masu kama da tana

'Yan gidan Pangio, waɗanda kasuwa ke kira kuli, sirara ne, tsawonsu santimita 7 zuwa 10, fiffiken bayansu yana can kusa da jela, idanunsu kuma a rufe da siririyar fata mai shara-shara. Sunan kasuwar ya fito ne daga Heinrich Kuhl, wani matashin masanin halittu Bajamushe da ya rasu a tsibirin Java a 1821, yana da shekara 23, bai cika shekara guda da isa can ba. A 1846 Bafaranshe Achille Valenciennes ya sa wa wani kifin Java sunansa, Pangio kuhlii.

Abin mamaki shi ne, kifin da ke ɗauke da wannan suna a shaguna da wuya ya zama shi. Kottelat da wasu masana sun kai ga cewa kuhlii na gaskiya ɗan Java ne, kuma yawancin abin da ake sayarwa Pangio semicincta ne na Maleshiya, Sumatra da Borneo. Ma'anar semicincta mai rabin ɗamara, domin ɗamarunsa ba sa haɗewa a ƙarƙashin ciki. Cikin leda ɗaya akan sami wasu nau'o'in a gauraye. Pangio myersi na Tailan da Kambodiya ya fi kauri, ɗamarunsa 8 zuwa 11 masu faɗi ne, a tsare, a kan ruwan lemo mai ƙarfi. Pangio shelfordii ba shi da tsayayyun ɗamaru, dabbare-dabbare ne. Pangio cuneovirgata ɗan ƙarami ne, yana da ƙarin gashi a bakin hancinsa. Pangio oblonga ba shi da zane sam, ruwan ƙasa ne mai duhu, yayin da Pangio anguillaris ya fi kowa tsawo da siranta.

Gidan yana da nau'i sama da 30, kuma wasu ba a raba su sai an ƙirga ƙasusuwan baya a hoton asibiti. Sa'ar mai kiwo ita ce a nan kuskure ba ya da tsada. Dukkansu abu ɗaya suke so: lallausan yashi, maɓoya, garke, da matatar ruwa wadda aka toshe bakinta da soso, domin suna kutsawa cikin bututu su maƙale. Tamata mai ɗauke da ƙwai ana hango korayen ƙwayayen ta fatar cikinta.

Wanda bai kamata a rikita da su ba shi ne Misgurnus anguillicaudatus, dojo a bakin Japanawa. Ƙirarsu ɗaya, amma shi yana da gashin baki goma, yana kaiwa santimita 25, kuma ya fi son ruwa mai sanyi-sanyi. A Sin da Koriya da Japan abinci ne, a kasuwar cefane ake sayar da shi. Yana haɗiyar iska daga saman ruwa, hanjinsa ya tsotsi oksijin, ragowar ta fita ta baya, shi ya sa yake rayuwa a taɓo inda wasu kifaye za su mutu. Turawa sun yi masa laƙabi da kifin yanayi saboda yadda yake rikicewa yana kai-komo idan nauyin iska ya sauya gabanin hadari. Wannan juriya ta sa ya zama annoba a inda aka sake shi: ya kafu a kogunan Ostareliya da wasu jihohin Amurka, har Ostareliya ta hana shigo da shi. Akan sayar da Paramisgurnus dabryanus da sunansa. Ana gane wannan da manyan ɓawo da kuma tudun fata a sama da ƙasan gindin jela, wanda ke sa bayansa ya yi faɗi.

'Yan gidan Acantopsis kuwa fuskarsu ce shaidarsu, doguwa kamar ta doki, idanu a can sama. Suna nutsewa cikin yashi su bar idanu kaɗai a waje, suna ɗibar yashin da baki suna tace abinci. A kan tsakuwa mai kaifi bakinsu yakan yi rauni. Sunan da aka daɗe ana manna musu, Acantopsis choirorhynchos, ya rufe nau'o'i da dama. Wani nazari da aka wallafa a 2017 ya ƙara sababbi uku a gidan.

Mazauna rafin dutse

Waɗannan su ne suka fi mutuwa a hannun mai kiwon da bai san su ba, kuma laifin sunan kasuwa ne. Ana sayar da su a matsayin masu share gansakuka daga gilashi, har ana haɗa sunansu da na feleko, wani kifi na Kudancin Amurka wanda ba su haɗa komai da shi ba. A mazauninsu ruwa ne mai gudu a kan duwatsu, garai-garai, cike da oksijin, zafinsa galibi tsakanin digiri 20 da 24 a ma'aunin Salshiyas. Ruwa kuwa gwargwadon ɗuminsa, gwargwadon raguwar iskar da yake riƙewa. A garuruwa irin su Kano, Sakkwato ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, tankin da ke cikin ɗaki marar na'urar sanyaya zai wuce abin da suke jurewa, kuma ɗaukewar wutar lantarki ta 'yan sa'o'i ta isa ta tsayar da famfon da rayuwarsu ta dogara a kansa. A irin wannan yanayi Chromobotia da Pangio, waɗanda suka saba da ruwa mai ɗumi, sun fi su damar rayuwa nesa ba kusa ba.

Su kaɗai ne loci da ke nuna cikinsu da kansu, tunda a manne da gilashi suke yini, kuma a cikin ne shaidar take. 'Yan gidan Gastromyzon, waɗanda a Borneo kaɗai ake samunsu, bakinsu yana da faɗi, ya kusa cika faɗin kai, fikafikan cikinsu biyu kuma sun haɗe sun zama faifai ɗaya. 'Yan gidan Beaufortia na kudancin Sin su ma fikafikan cikinsu a haɗe suke, amma bakinsu ƙarami ne, jikinsu ya fi bajewa, da ƙananan ɗigo a kan ruwan ƙasa. Wanda aka fi gani shi ne Beaufortia kweichowensis. Sewellia lineolata na tsakiyar Biyetnam ya fi kowa ado, baƙin zane mai kama da raga a kan ruwan zinariya, da layuka a gefen jiki, kuma fikafikan cikinsa ba su haɗe ba. 'Yan gidan Pseudogastromyzon na Hong Kong da kudancin Sin sau da yawa ana gane su da jan baki a fiffiken baya.

Gidan Gastromyzon kansa rijiya ce mai zurfi. A 2006 wani masani a Singafo, Tan Heok Hui, ya fitar da littafi sukutum a kansu, inda ya bayyana sababbin nau'o'i da dama, wasu a kogi ɗaya tak suke rayuwa. Dillalai suna tara su daga rafuka daban-daban su aiko su da suna guda. Haka kuma Yaoshania pachychilus na tsaunukan Dayao a yankin Guangxi na ƙasar Sin: ana sayensa yana ƙarami saboda baƙi da farinsa masu ɗaukar ido, amma da ya girma launin ya koma ruwan ƙasa mai layuka.

Inda sanin gida ya wadatar

Dangin Nemacheilidae shi ne mafi girma, nau'i sama da 600, kuma gidan Schistura kaɗai ya haura 200. Gashin bakinsu shida, ba su da ƙaya, yawancinsu ɗamaru ne masu kama da juna. Ko masana ba sa yanke hukunci a kansu daga hoto sai sun san kogin da aka kamo kifin. Mai kiwo ya san cewa suna son ruwa mai gudu, kuma kowanne yana kare ɗan filinsa a ƙarƙashin dutse, wannan ya ishe shi. 'Yan kaɗan ne ke da alama bayyananna, kamar 'yan gidan Paracanthocobitis masu baƙin tabo mai kama da ido a saman gindin jela.

Akwai kuma Gyrinocheilus aymonieri, wanda ake sayarwa da sunan loci mai tsotsa. Danginsa daban ne. Ba shi da gashin baki ko ɗaya, bakinsa matsotsi ne, kuma yana da wata ƙarin kafa a saman mashaƙarsa wadda ruwa ke shiga ta nan yayin da bakin ke manne da dutse. Yana kaiwa santimita 28, kuma da ya girma yakan rage cin gansakuka ya koma manne wa jikin wasu kifaye.

Wanda ke son a tantance masa kifi, hoto uku ake buƙata: ta gefe da fikafikai a buɗe, ta sama, da kuma ta ciki idan zai yiwu, bayan kifin ya huta kwana biyu ko uku launinsa ya dawo. A haɗa da tsawonsa da ƙasar da aka shigo da shi. A jerin dillalai masu kula akan ga wasu gajerun alamu tare da sunan kimiyya. Idan an rubuta sp. bayan sunan gida, ana nufin an san gidan amma ba a san nau'in ba. Idan an rubuta cf. tsakanin kalmomin biyu, ana nufin ya yi kama da wannan nau'i amma ba a tabbatar ba.

Wani lokaci rashin sunan daga kimiyya yake. Wani ɗan mitsitsin loci na jihar Shan a Miyanma, wanda bai kai santimita 3 ba, mazansa ruwan lemo, ya shiga kasuwar kifin ado a 2006. An yi ta kiwonsa ana hayayyafa shi a tankuna a ƙasashe da dama, ana ta sauya masa gida a jerin dillalai da alamar sp. a bayansa. Sai a 2023 Kevin Conway da Maurice Kottelat suka bayyana shi a hukumance, suka raɗa masa suna Physoschistura mango, saboda launin mazan ya yi kama da na nunannen mangwaro.